DOKA TANA YAMAI, SANDA TANA MADARUNFA

Zuwa ga rassan jam'iyya na Madarunfa, Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma. A karanta da ƙarfi a taron reshe saboda waɗanda ba su yi boko ba, kuma a kira mata su zauna su ji.

Maganar da za mu yi yau ba ta da daɗin ji, kuma mun san a cikinmu akwai masu son a bar kaza cikin gashinta. Ba za mu bari ba. Jam'iyyar da ta ce ita ta talakawa ce, in ta kasa buɗe baki a kan abin da ake yi wa matan talakawa da ɗiyansu mata, to ta naɗe tutarta ta koma gida.

Gwamnati ta ce tana yaƙi da cin zarafin mata da 'yan mata. Ba gwamnati ɗaya ce ta faɗa ba. Ta farar hula ta faɗa, ta kaki ta faɗa, kowace ta zo da tata takarda. A 1999 Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana nuna wa mata bambanci, amma ta ware sassan da suka shafi aure da zaman iyali ta ce ban da waɗannan. A 2003 aka gyara dokar hukunta laifuka, aka sa bauta da kaciyar mata cikin abin da ake ɗaure mutum a kansa. A 2017 aka fito da babban tsari na yaƙi da cin zarafin mata, kuma a Disamba na shekarar nan aka sa hannu a dokar da ta ce a kare yarinyar da ke makaranta. A 2019 aka ce a kafa kwamitin kare yara tun daga Yamai har ƙauye. Daga 2019 zuwa 2023 Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya suka zuba kuɗi a wani shiri mai suna Spotlight, kuma jihar Maradi tana cikin jihohi 4 da aka zaɓa. Takarda dai, wallahi, ba mu rasa ta ba. Da takarda tana tare sanda, da babu matar da za ta kwana da kumburarren ido daga nan har Tasawa.

Mu tambaya ɗaya muke yi: yaƙin nan a wane fage ake yin sa? Domin mu da muke cin kasuwannin gundumar nan ba mu ga ƙurarsa ba. Abin da muka gani shi ne farar mota ta zo da hantsi, a tara mata ƙarƙashin bedi, a raba musu riguna masu rubutun Faransanci, a ɗauki hoto, kafin la'asar mota ta koma Maradi. Ranar da kuɗin Turawa suka ƙare, mota ta daina zuwa.

Ga lissafin da gwamnati ta yi da hannunta, ba mu muka ƙaga ba. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cikin mata 100 na Nijar, 76 an yi musu aure kafin su cika shekara 18, kuma 28 kafin su cika 15. A jihar Maradi 89 ne cikin 100. Babu ƙasar da ta kai mu a duniya, kuma a cikin ƙasar, mu mutanen Maradi muna sahun gaba. Binciken nan kuma ya tarar mata 6 cikin 10 suna ganin miji yana da hujjar dukan matarsa a kan wani dalili, ko don tuwo ya ƙone, ko don ta fita ba ta tambaya ba. Kada wani ya ce to ai su da kansu sun yarda. Wanda aka haifa cikin rijiya, in ka tambaye shi faɗin sama, bakin rijiya zai nuna maka.

Yanzu mu zo ga gindin magana, wato doka. Dokar zaman jama'a da muka gada ta ce namiji ba ya aure sai ya kai 18, mace kuwa 15 ta isa. Wa ya rubuta wannan? Ba Sarkin Katsinar Maradi ba ne, ba malaman Madarunfa ba ne. Dokar Napoleyon ce ta 1804, lamba ta 144, 'yan mulkin mallaka suka zo da ita cikin akwati, suka tafi a 1960 suka bar mana. Su Faransawan da kansu sun ji kunyarta, a 2006 suka mai da shekarun mace 18 daidai da na namiji. Mu kuwa har 2025, shekara 65 da samun mulkin kai, muna riƙe da tsumman da mai shi ya yar. A Disamba 2023 sojan Faransa na ƙarshe ya bar ƙasar nan, muka yi murna, kuma murnar tana kan hanya. To, an kori sojan Faransa, an bar dokar Faransa a kan wuyan ɗiyanmu. Wane irin 'yanci ne wannan da ya tsaya a ƙofar bariki bai shiga zaure ba?

Kuma ko 15 ɗin nan ma ba ta kare kowa a nan. Tun dokar shari'a ta 1962 aka ce aure da saki da gado na yawancin mutanen ƙasa al'ada ce za ta yi hukunci a kansu. Auren da ake ɗaurawa a zaure da goro da fatiha, wanda shi ne auren kusan kowa a gundumar nan, babu takardar da ta ce ga shekarar da yarinya za ta kai. Ashe ke nan doka biyu muke da ita: ta 'yan birni masu ɗaurin aure a ofis, da ta talakawa, wadda ba doka ba ce, ikon wanda ya fi ƙarfi ne a gidan.

An yi ƙoƙarin gyara, ba sau ɗaya ba. Tun zamanin Seyni Kunce, da aka kafa ƙungiyar matan Nijar a 1975, ake ta rubuta dokar iyali. A 1994 aka ajiye ta saboda hayaniyar wasu ƙungiyoyi. A 2006 Majalisar Dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo, wadda ƙasashen Afirka suka tsara da kansu, ba Turawa ba. A 2011 aka sake kawo wani daftari, aka sake janye shi. A 2012 dokar kare 'yan mata 'yan makaranta ta je Majalisa, aka mai da ita. Ku lura, 'yan'uwa: duk lokacin da aka zo ƙarin haraji, ko ƙarin albashin manya, gwamnati ba ta jin tsoron hayaniyar kowa. Sai an zo kan yarinya 'yar shekara 13 ne gwiwar ministoci take yin sanyi.

Mun san abin da za a ce mana a bakin kasuwa, don mun sha ji. Za a ce wannan maganar Nasara ce, ana so a lalata mana ɗiya, ana so a taɓa addini. To, mu Musulmi ne, a masallaci ɗaya muke sallah da masu faɗar haka, kuma ba mu yarda su fi mu kishin addini ba. Malamai sun san labarin Khansa'u ɗiyar Khizamu, wadda ubanta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Gaskiya ne mazhabar Malikiyya ta ba uba ikon zaɓa wa budurwarsa miji, ba mu ɓoye wannan ba. Amma malaman mazhabar nan su ne suka ce ikon ya faɗi in akwai cuta, kuma su ne suka ba alƙali ikon raba auren da miji ke cutar da matarsa. Me ya sa ake karanta mana rabin farko da babbar murya, rabi na biyu kuwa a haɗiye shi? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda kakanninmu na Maradi suka yi ta gwabzawa da mutanensa, ko shi ya zargi malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albab da barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci. In Bakatsinen Maradi ya kafa hujja da Shehu, ku san magana ta kai.

Masu cewa kishin tarbiyya ne ya motsa su, mun ga inda kishin nasu yake sauka. A Nuwamba 2000, da aka yi zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi da ake yi a Yamai, a Maradi gidajen mata marasa aure aka faɗa wa, aka doke su, aka ƙona musu kaya. Mazan da suke zuwa gidajen nan da dare ba wanda ya taɓa ko hularsu. An bar jaki ana dukan taiki.

Wanda yake shakkar akwai cuta a auren ƙanƙanuwar yarinya, ba sai ya je Turai ba. Ya hau mota ya sauka Danja, nan cikin gundumarmu, inda aka buɗe sashen gyaran yoyon fitsari a 2012. Ya zauna ya dubi waɗanda suke jiran layi. Yarinya ƙugunta bai gama buɗewa ba ta ɗauki ciki, naƙuda ta zo, ta kwana biyu ko uku a ɗaki tana fama, kan jariri ya toshe hanya ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Kafin a samo amalanke a kai ta asibiti, ɗa ya mutu a ciki, ita kuma ta tashi da yoyo dare da rana. Mijin da aka ce shi ne rufin asirinta, sau da yawa shi ne na farko da zai ce ba ya iya zama da wari. Wannan ba duka ba ne da sanda, amma ku gaya mana sandar da ta kai shi.

Sai maganar fyaɗe, wadda ita ce muka fi ɓoyewa. Dokar da aka gyara a 2003 ta yanka wa mai fyaɗe ɗaurin shekara 10 zuwa 20, in kuwa yarinyar ba ta kai 13 ba, 15 zuwa 30. Hukunci mai nauyi, a takarda. Amma ku bi sawun magana daga ranar da abin ya faru. Uwa ta gane, ta gaya wa uba. Uba ya ce a yi shiru, don in gari ya ji ba mai auren yarinyar. In magana ta fita, sai dattawa su taru a ƙofar mai gari, dangin yaro su zo da goro da ban haƙuri da 'yan kuɗin magani. A ce ai duka ɗaya ne, a rufa wa juna asiri. Wani lokaci ma a ce to ya aure ta, wato a ɗauki akuya a kai wa kura ajiya. A shafa fatiha a watse, ba wanda ya tambayi yarinyar ko uffan.

Dokar sarauta ta ba sarakuna da masu gari ikon sulhu a rikicin gona, da bashi, da saɓanin aure. Ba ta ba su ikon sulhu a kan babban laifi ba. Duk mai garin da ya kashe maganar fyaɗe a zaurensa ya taka doka, kuma hukumar da ta sani ta kau da kai ta taya shi takawa. Amma kada mu ɗora wa masu gari kaɗai. Uban da ya ƙi sulhu ya ce sai shari'a, me ke gabansa? Kuɗin mota zuwa wurin jandarma. Kuɗin takardar likita, wadda in babu ita magana ba ta tsayawa gaban alƙali. Yarinya ta tsaya gaban maza masu kaki ta faɗi abin da ko uwarta ba ta iya gaya wa ba. A rubuta da Faransanci, a ce ya dangwala hannu a abin da bai iya karantawa ba. Sa'an nan a yi ta je ka dawo, ga damina ta kama, gona tana jira. Talaka ya auna, ya ga goron dattawa ya fi kusa. Gwamnatin da ta sa shari'a ta yi tsada haka, ita ce ta tura shi zaure.

Ga kuma sabuwar masifa da iyayenmu ba su sani ba. Mutanen Gabi da ƙauyukan bakin dajin Baban Rafi ba sa bukatar a ba su labari. 'Yan bindiga suna ƙetaro iyaka da dare, su kore shanu, su tafi da mutane sai an biya fansa, kuma mata da 'yan mata suna cikin waɗanda ake tafiya da su. A 2019 kaɗai mutane wajen 40,000 suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo jihar Maradi, yawancinsu mata da yara. Sojojinmu na rundunar Farautar Bushiya sun yi ƙoƙari, wasu sun ba da ransu, ba mu raina ba. Amma matar da aka karɓo daga daji bayan wata biyu, wa ke jiranta? An sayar da gona an biya fansa, an yi barka, shi ke nan. Abin da aka yi mata a can ba a tambaya, ita ma ba ta faɗa. In ta dawo da ciki, sai tsegumi a bakin rijiya, wani mijin ma ya sake ta. Bindiga ta ƙwato ta, amma babu likitan da aka ajiye dominta, babu ma'aikaciyar da za ta zauna da ita, babu ko buhun hatsi da sunanta.

Akwai wata mace da ya kamata kowane ɗan jam'iyya ya san sunanta, Hadijatu Mani, daga yankin Birnin Ƙonni. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jaka 240 na sefa ta zama wahaya, wato ta biyar da ba a ɗaura wa aure. Da ta sami kanta ta auri wanda take so, kotun ƙasarmu ta yanke mata wata 6 a gidan kaso, wai ta yi aure kan aure. Sai da ta kai ƙara kotun CEDEAO, wadda a 27 ga Oktoba 2008 ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta biya ta miliyan 10. A Janairu 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO. Ba yau za mu yi gardamar fitar ba. Abin da muke cewa shi ne, ƙofar da Hadijatu ta bi ta sami gaskiyarta, mun rufe ta da hannunmu. Wanda ya ce ba ya son alƙalin waje, wajibi ne ya gyara na gida. In ba haka ba, mulkin kan da muke taƙama da shi ya zama mulkin maza a kan mata ba mai tsawatawa.

Saboda haka ga abin da jam'iyya take nema, kuma ba roƙo muke ba. A yanke shekarar aure 18 ga mace da namiji, ta hau kan kowane aure, na ofis da na zaure, kuma liman ya ji yardar yarinya daga bakinta gaban shaidu kafin a shafa fatiha. Takardar likita ga wadda aka yi wa fyaɗe ko duka ta zama kyauta, a rubuta haka a manna a ƙofar kowane asibiti. A ajiye mace ma'aikaciya a wurin jandarmomin Madarunfa da Ɗan Isa wadda za ta karɓi irin wannan ƙara a ɗaki na dabam. A Maris 2025 an rubuta cewa Hausa ce harshen ƙasa. To, madalla, a fara da dokar fyaɗe, a juya ta da Hausa, boko da ajami, a karanta ta a rediyo da kasuwa. Kuma kuɗin aikin nan su fito daga baitulmalin ƙasa. Gwamnatin da aka naɗa a Agusta 2023 ba ta ware wa mata ma'aikata tasu ba, an cusa lamarinsu cikin ta lafiya. Ƙasar da take da yuraniyom a Arlit da man fetur a Agadem ba ta da hujjar cewa kare ɗiyanta sai Bature ya ba da sadaka.

Za a ce uba ba mugunta ce take sa shi aurar da yarinya ba, talauci ne da tsoron abin kunya. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa doka ita kaɗai ba ta isa. Ƙauye da yawa makarantarsu ta tsaya a aji 6. Yarinyar da ta ci jarrabawa sai ta tafi gari ta zauna gidan wani, uba kuwa ba ya sakin jiki. A 2021 Bazum ya fara gina wa 'yan mata makarantun kwana, aka buɗe ta farko a Kelle cikin jihar Damagaram. Ko wa ya kawo shawarar, shawara ce mai kyau, kuma ba a rushe rijiya don an yi faɗa da wanda ya haƙa ta. A gina mana irinsu a nan. Haka kuma maganar gona: a kudancin Maradi ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, gamanar da ake ba mace ta noma abin kanta tana ɓacewa, gadonta na gona kuwa 'yan'uwa maza su ce sun riƙe mata. Macen da ba ta da ko zangarniya ɗaya tata, in ana dukanta ina za ta?

Saura mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A cikin rassanmu akwai wanda zai tsaya a taro ya yi awa guda yana zagin danniya da mulkin mallaka, ya koma gida ya cire bulala don ruwan wanka bai yi zafi ba. Wannan kumandan ne, hular kawai ya rasa. Ƙasar nan ta san Sarauniya Mangu da ta tsaya wa sojan Faransa a Lugu a 1899. Maradi ta san sarautar Iya, Tibiri ta san ta Inna. A ƙetaren iyaka Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau 16, kuma auren dole yana cikin abin da ta yaƙa. A 13 ga Mayu 1991 matan Yamai suka yi maci zuwa ofishin firaminista don an ba su kujera ɗaya tak a kwamitin shirya taron ƙasa, ba su watse ba sai da aka ƙara. Ba wanda ya ba su don alheri. To, mu da muke kiran sunayensu a taro, kujera nawa muka ba mata a rassanmu?

Daga wannan wata, kowane reshe ya zaɓi mata 2 da za su zauna a kwamitinsa da cikakkiyar murya, ba don dafa abincin taro ba. Sakataren reshe ya je ya tambaya ko an kafa kwamitin kare yara na 2019 a garinsa, su wa ke ciki, yaushe suka zauna na ƙarshe. In aka ji za a kashe maganar fyaɗe a zaure, mutum 3 na reshe su raka iyayen yarinyar wurin hukuma, kuɗin mota daga asusun reshe, kuma kada sunan yarinyar ya fita daga bakin kowa. Ɗan jam'iyyar da aka tabbatar yana dukan matarsa, a yi masa gargaɗi sau ɗaya gaban reshe. In ya sake, a karɓe katinsa.

Sakatarori su aiko da amsa a rubuce ta hannun mai kawo wannan takarda kafin kasuwa ta 4 daga yau. Reshen da bai aiko ba, za mu buga sunansa a fitowa ta gaba.